Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Tarbiyyar Majefa a Wasan Besbol

Takarda ta fito daga hannun wani dattijo da ya tsufa yana bin wannan wasa, zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin besbol na Amurka, da manajojinsu, da malaman da aka danƙa wa amanar hannuwan majefa.

Adalci ya wajabta mini in fara da yabo, kuma zan taƙaita shi, domin ba ku rasa masu yi muku shi ba. Kun fi magabatanku tausayin gwiwar hannu da kafaɗa. A zamanin da, Sandy Koufax ya ajiye wasa a 1966 yana da shekara 30 kacal, alhali babu majefin da ya kai shi a lokacin, saboda gwiwar hannunsa ta ƙi. Yau kuwa kuna ƙirga kowane jifa, kuna auna gudun ƙwallo da juyawarta da na'ura, kuna kuma cin moriyar aikin tiyatar da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, wanda ya mayar da majefa masu yawa fage bayan an yanke musu ƙauna. Wannan alheri ne, Allah Ya saka. To, na sauke wannan farilla.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta zama muku jiki, wato ku ɗauki yaro mai hannu na ƙwarai, yau ku ce yana cikin jerin mutum biyar masu buɗe wasa, gobe mai rufe muku wasa ya ji ciwo ku ce ya koma turmi na tara ya toshe ɓaraka, jibi kuma jarida ta yi surutu ku sake dawo da shi, sa'an nan idan ya lalace ku ce dama can ba shi da zuciya. Kada ku yi mini mummunar fahimta. Sauya wa majefi matsayi halal ne, kuma tarihin wasan cike yake da waɗanda sauyin ya zama musu rahama. Abin da nake inkari shi ne taraddadi, wato yin sauyin ba da niyya tabbatacciya ba, a tsakiyar kaka, gwargwadon yadda iskar wannan mako ta kaɗa.

Ku da kanku kun san cewa waɗannan sana'o'i biyu ne, ko da yake tudun jifa ɗaya ne, tazararsa da wurin mabugi kuma ƙafa 60 ce da inci 6 ga kowa. Mai buɗe wasa yana rayuwa bisa ƙa'idar kwana biyar: ya yi jifa yau, gobe ya yi gudu ya warware jiki, a rana ta biyu ko ta uku ya yi gwajin hannu a gefe tare da malaminsa, ya zauna ya nazarci mabugan da zai fuskanta, ranar aiki kuma ya yi doguwar shimfiɗa kafin alƙali ya ce a fara. Zai haɗu da kowane mabugi sau biyu ko uku a dare ɗaya, saboda haka la budda ya mallaki jifa iri uku ko huɗu, ya nuna mai gudu a karon farko, ya ɓoye mai lanƙwasa ko mai sassauci sai karo na uku, ya kuma riƙa yi wa ƙarfinsa tattali kamar mai guzuri. Mai rufe wasa kuwa yana zaune can bayan fili tare da 'yan ko-ta-kwana, da riga mai kauri a kafaɗa, bai san ko yau za a neme shi ba, har sai wayar da ke jikin bango ta yi ƙara, malami ya ɗaga, ya juyo ya nuna shi da yatsa. Nan take ya miƙe, ya jefa 'yan ƙwallaye kaɗan ga mai cafka, cikin minti kaɗan ya shiga ya zuba iyakar ƙarfinsa a kan mutum uku, da jifa iri biyu, wani lokaci ma iri ɗaya, gobe kuma a sake nemansa ko da jiya an ci shi da yaƙi. Na farko ana renon jijiyarsa a kan haƙuri, na biyu a kan fushi na ɗan lokaci da saurin mantuwa. Wanda ya ce jiki ɗaya zai iya sauya waɗannan tarbiyyoyi biyu tsakanin Talata da Juma'a, lalle bai yi wa jikin ɗan Adam kyakkyawan tadabburi ba.

Na san hujjarku, domin kullum ita kuke kawowa: Dennis Eckersley da John Smoltz. To, mu duba ƙiyasin, mu ga ko ya inganta. Eckersley ya zo Oakland a 1987 yana da shekara 32, bayan ya yi shekaru goma sha biyu yana buɗe wasa, ya hana abokan hamayya bugu ko ɗaya a wani wasa a 1977, ya ci wa Boston wasa 20 a 1978. Da manaja Tony La Russa da malamin majefa Dave Duncan suka ga abin da ya rage a hannunsa ya fi dacewa da turmi ɗaya, suka mayar da shi can, suka bar shi can, ba su sake waiwayowa ba. Ga shi a 1990 ya jefa turmi 73 ya ba da zango kyauta sau 4 tak, a 1992 kuma ya tsare nasara 51, ya haɗa kambun Cy Young da na gwarzon shekara. Smoltz kuwa, wanda ya ci wasa 24 a 1996, an kai shi turmi na tara ne bayan tiyatar da ta cinye masa shekarar 2000 ɗungurungum, ya tsare nasara 55 a 2002, ya zauna a wannan matsayi har ƙarshen 2004; da aka yi azamar mayar da shi jerin masu buɗewa, a lokacin hutun hunturu aka yanke shawara, aka ba shi watanni ya gina jikinsa, ya kuwa jefa fiye da turmi 200 a 2005. Waɗannan dattawan majefa ne da suka riga suka san kansu, aka yi musu sauyi da sharuɗɗansa. Ina illar da ta haɗa su da yaro ɗan shekara 22 wanda bai gama sanin inda ƙwallonsa za ta faɗa ba? Ƙiyasi ne tare da bambanci, malamai kuwa sun ce irin wannan ɓatacce ne.

Ga misalin da ya fi kama da aikinku. Joba Chamberlain ya shigo Yankees a Agustan 2007, ya jefa turmi 24 aka ci shi maki ɗaya tak da za a ɗora masa alhakinsa, birnin New York ya ɗauka. Aka kafa masa dokoki na musamman, kowane turmi da ya jefa sai a ba shi hutun kwana guda. A 2008 aka fara da shi cikin 'yan ko-ta-kwana, a ƙarshen Mayu aka shiga ƙara masa yawan jifa a tsakiyar wasannin gasa, a gaban dubban 'yan kallo, abin da ya kamata a yi a ɓoye a filin atisaye; ya fara buɗe wasa a Yuni, kafaɗa ta motsa a Agusta, ya dawo a Satumba aka mayar da shi inda ya fito. A 2009 ya buɗe wasa 31, amma a ƙarshen kaka sai a cire shi bayan turmi uku don kada lissafi ya wuce, a wasannin neman kambu kuma ya koma agaji. A 2010 aka sa shi takarar gurbin buɗewa da Phil Hughes, ya faɗi, ya koma agaji. A 2011 jijiyar gwiwa ta tsinke. Ba na ɗora wa kowa alhakin jijiya, domin ta kan tsinke wa wanda aka lallaɓa ma. Amma ku gaya mini, a cikin waɗannan shekaru huɗu, wace rana ce yaron nan ya farka da asuba yana da yaƙinin ko shi wane ne? Dashen da ake tugewa kowace safiya a duba ko ya yi saiwa, ba zai taɓa yin ta ba.

Labarin Daniel Bard ya fi wannan ɗaci. Tun a 2007, a ƙananan rukunoni, an gwada shi a buɗe wasa, zangon da ya bayar kyauta ya fi yawan turamen da ya jefa. Da aka mayar da shi agaji sai ya warke, ya zama ɗaya daga cikin mafi tsananin majefan turmi na takwas a Boston shekara uku a jere. Littafin yana nan a ofishinku, nassi ne bayyananne. Duk da haka a 2012 aka mayar da shi jerin masu buɗewa, da yardarsa, na sani, amma ai don irin wannan rana aka ajiye manya. Ranar 3 ga Yuni a Toronto bai gama turmi na biyu ba sai da ya ba mutum shida zango kyauta, ya kuma jefi biyu a jiki, ƙwallo tana fita daga hannunsa kamar ba ta san shi ba. Aka tura shi ƙaramin rukuni a Pawtucket. Bayan 2013 ya ɓace daga babban rukuni, bai sake taka shi ba sai 2020 tare da Colorado, inda ya tsare nasara 34 a 2022. Shekarun da ke tsakani, wa zai biya shi? A wannan shekara ta 2012 ɗin dai Texas ta ɗauki Neftalí Feliz, wanda ya tsare nasara 40 a 2010, ta sa shi buɗewa, kafin kaka ta ƙare yana kan gadon tiyata. White Sox kuwa suka shelanta a Mayu cewa Chris Sale ya koma rufewa, ya fito sau ɗaya, suka warware maganar cikin mako, Allah Ya so shi da rahama ya ci wasa 17. Wannan ba ijtihadi ba ne, ya ku jama'a, caca ce da hannun ɗan wani, kuma wallahi da hannun 'ya'yanku ne da kun yi istihara kafin ku taɓa shi.

Na yi zafi, ku yi mini afuwa. Bari in koma ga aibi na biyu, wanda shi ne uwar na farko, wato girman da kuka ba turmi na tara har ya wuce ƙima. Lissafin tsare nasara wani ɗan jarida ne na Chicago, Jerome Holtzman, ya ƙago shi, aka karɓe shi a hukumance a 1969, don a riƙa tunawa da wahalar masu agaji. Niyya ce mai kyau. Amma sannu a hankali ma'auni ya zama alƙibla, har manaja ya ajiye mafi kyawun hannunsa yana kallo ana cinye wasan a turmi na bakwai, don a fito da shi a na tara da ratar maki uku ya kori mabugan da ba su da haɗari. Saboda wannan lamba ce kuke tsorata idan mai rufewa ya ji ciwo, ku miƙa hannu ku fizgo yaron da kuke reno don buɗewa. Cincinnati ta shirya Aroldis Chapman don buɗe wasa a atisayen share fage na 2012, ta sake shirya shi a na 2013, duka biyun aka janye kafin kaka ta fara. Lissafin kuwa ba ya buƙatar hisabi mai zurfi: mai buɗewa na ƙwarai yana ba ku turmi wajen 180 zuwa 200 a shekara, mai rufewa 60 zuwa 70. Wanda ya kulle yaro a turmi ɗaya tun bai koyi jifansa na uku ba, ya yi israfi da baiwar da ba shi ya halitta ba.

Idan na tuna mutanen da, sai zuciyata ta yi nauyi. Earl Weaver, manajan Baltimore, wanda majefansa huɗu kowanne ya ci wasa 20 a 1971, al'adarsa ita ce ya fara sa yaro a dogon agaji, turmi uku ko huɗu a wasan da ƙura ta lafa, ya koyi fuskantar mabugi sau biyu, sa'an nan a ba shi gurbi idan ya nuna. Mike Marshall ya fito agaji sau 106 a 1974, ya jefa turmi 208. Goose Gossage ana kiransa tun a turmi na bakwai, mutane a kan zanguna, ya kashe wutar ya kuma ƙarasa wasan. Shi ma an taɓa gwada shi a buɗewa a 1976, ya ci 9 aka ci shi 17. Amma ku lura, an ba shi shekara cikakkiya, aka ga amsar a fili, manaja Chuck Tanner ya mayar da shi agaji a Pittsburgh a 1977, magana ta ƙare. Mutanen nan sun yi kurakurai, sun kuma ƙone hannuwa da yawa, ba na tsarkake su. Sai dai idan sun yi tambaya sukan tsaya su ji jawabi, ku kuwa kuna tashi tun mai amsa bai buɗe baki ba.

Ban yanke ƙauna daga gare ku ba, domin kun nuna kun iya idan kun so. St. Louis ta ari Adam Wainwright ya rufe mata wasannin kambun 2006, da aka ɗauki kofi ba ta bari daɗin abin ya ruɗe ta ba, ta mayar da shi buɗewa a 2007, ya yi ritaya a 2023 da nasara 200. Mariano Rivera ya buɗe wasa goma a 1995, aka fahimci inda arzikinsa yake, aka ba shi shekara guda yana share wa mai rufewa John Wetteland fage, sa'an nan ya gaje shi, ya tsare nasara 652. Derek Lowe ya tsare 42 a 2000, aka shirya shi da kyau don buɗewa, ya ci wasa 21 a 2002.

Nasihata ke nan, kuma ba ta da tsawo. Ku yanke shawara a Nuwamba, ku kira yaron ku gaya masa baki da baki, tare da dalili, kafin ya ji a bakin 'yan jarida. Ku duba ko yana da jifa na uku da zai dogara da shi, ku kuma karanta abin da ya faru da shi a ƙananan rukunoni kafin ku yi fatawa. In kun sauya shi, ku ba shi kaka cikakkiya, ko da Afrilu ta yi muni. In mai rufe muku wasa ya ji ciwo a Mayu, ku nemi wani cikin 'yan ko-ta-kwana bakwai ko takwas da kuke biya albashi, ku ƙyale wanda kuka yi wa alkawari. Manaja yakan rasa aiki ya sami wani a wata ƙungiya, amma majefi hannu ɗaya gare shi, shekarun cin moriyarsa kuma ƙididdigaggu ne, kuma za a tambayi kowane makiyayi game da abin da aka ba shi kiwo.

In na faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, ƙaunar sana'ar ce ta jawo, ina kuma neman gafara. Allah Ya ba ku basira da haƙuri, Ya kiyaye hannuwan yaranku.

Haza wassalam.