Karatun Jami'a Ta Salula: Wa Aka Ɗinka Wa Rigar?

Idan masu karatu ba su manta ba, a watan Maris na 2020 cutar korona ta sa gwamnati ta rufe makarantu da jami'o'in Nijar, ba a sake buɗewa ba sai a watan Yuni. Tun daga lokacin ake ta maganar karatu ta intanet, wato malami ya ɗora darasinsa, ɗalibi ya ɗauko ta salula ko kwamfuta. Ƙasar Sanigal ma tun 2013 ta kafa jami'a sukutum mai koyarwa ta wannan hanya.

A ganinmu abin na da amfani ga iyaye. Duk wadda ɗanta ko ɗiyarta ke Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ta san abin da kuɗin mota da hayar ɗaki da hoton takardu ke ci. To amma abin tambaya a nan shi ne, da awon wa ake ɗinka waɗannan darussa?

Yaron da ya koma gida hutu a ƙauyukan Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji, ƙaramar salula gare shi, rezo na zuwa na ɗaukewa, sharji kuma sai ya biya wurin mai sola. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke mana wutar lantarki, har birane suka ɗanɗana duhun da ƙauye ya saba da shi. Idan malami ya ɗora bidiyo na awa guda, wanda ke cinye ɗaruruwan mega, kuɗin ayar uwa da na ƙuli-ƙulinta ne ke ƙonewa kafin yaro ya kai rabin darasi. Alhali darasin nan, in da murya kaɗai aka ɗauke shi, kaɗan zai ci, rubutu kuwa ya fi kowanne sauƙi.

Mu da ke aikin rediyo mun san mai sauraro ba ya jure dogon bayani. Saboda haka muke ganin ya kamata a yanka darasi gutsure-gutsure na minti goma, wanda za a sauke sau ɗaya ranar kasuwa inda rezo ke da ƙarfi, a yi ta saurara a gida ko a gona, a kuma tura wa aboki ta Bluetooth ba tare da kashe ko dala ba.

Sannan akwai 'ya'yanmu naƙasassu. Salular zamani na iya karanta wa makaho rubutu da murya, amma idan malami hoton shafin littafi ya ɗauka ya tura, salular ba abin da za ta faɗa masa. Kurma kuma bidiyon da ba a rubuta maganar a ƙarƙashinsa ba, motsin baki kawai yake gani. Gyara waɗannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa, tunawa da su tun farko ake so.

Haka batun harshe. Tunda kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, me zai hana malamin aikin gona ya haɗa darasinsa na Faransanci da taƙaitaccen bayani da Hausa, wanda har uban yaron zai amfana da shi?

Kiranmu ga hukumomin jami'a shi ne, kafin a saki kowane darasi a gwada shi a kan salula mafi araha, a wajen birni. Ku kuma iyaye, da ku da ke tsaron shago da ku da ke zaman rumfa, kun fi kowa sanin ba a sayen kaya a cikin buhu. In yaro ya nemi kuɗin intanet, ku ce ya nuna muku darasin, ku tambaye shi ko ya buɗe da kuma nawa ya ci. In bai buɗe ba, shi da 'yan ajinsu su kai kuka wurin malamin da ƙungiyar ɗalibai.

Allah ya sa wahalar da ake sha a kan yaran nan ta zama alheri.