Kafin ka sauya dokar wasa, ka tuna da aljihun 'yan wasa

A ranar 23 ga Satumba, 2024, kwamitin da ke kula da tsarin Commander na wasan katin Magic: The Gathering ya haramta kati huɗu, ciki har da Mana Crypt da Jeweled Lotus. Katunan nan da kuɗi ake sayensu, kuma nan take farashinsu ya rikito. 'Yan wasa suka fusata, wasu har da yi wa 'yan kwamitin barazana, alhali aikin sa-kai suke yi. Bayan mako guda kwamitin ya miƙa ragama ga kamfanin Wizards of the Coast.

Barazana ba ta da uzuri. Amma fushin yana da tushe: an taɓa dukiyar mutane ba gargaɗi, ba diyya. Ko Whot da muke bugawa a Riruwai, tun kafin a raba kati ake daidaitawa ko za a iya tare "ɗauki biyu". Sauya magana bayan an raba ne ke kawo rigima.

Dubi Hearthstone, wasan kati na waya da kwamfuta. Idan Blizzard ya rage ƙarfin kati, yakan ba ka 'yan kwanaki ka narkar da shi, a maido maka da cikakkiyar ƙimarsa ta cikin wasa.

Mu masu haɗa manhaja, gyaran doka dole ne, in ba haka ba wasa ya mutu. Sai dai a sanar da wuri, a faɗi dalili, a rage wa mai asara zafi. Lambar kwamfuta a dare ɗaya ake gyara ta, amana kuwa sai an shekara.