Martani: Na'ura ba ta kashe waƙar Abzinawa ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce Mdou Moctar ya zubar da mutuncin waƙar Abzinawa ranar da ya haɗa muryarsa da na'ura. Ban yarda ba.

A 2008 ne ya je Sakkwato ya naɗi faifan Anar, da gangar kwamfuta da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Harshen bai canza ba, Tamashek ne. Waƙoƙin suka bi katin waya da bulutut, daga Agadas zuwa Arlit da Akokan, har aka saka "Tahoultine" cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2011. Wa ya tilasta wa matasan waɗannan garuruwan yuraniyom su riƙa tura wa juna su? Kunnensu ne ya zaɓa.

Ita jitar da kake kira gado, yaushe ta zo? Kakanni da anzad da tende suka san kiɗa. Matasan da suka yi gudun hijira a Aljeriya da Libiya ne suka ɗauko jita, irin su marigayi Abdallah Oumbadougou suka mai da ita tasu. Kuma tun 1978 Mamman Sani ya naɗi waƙoƙin gargajiya da organ na lantarki a Yamai.

In baƙon kaya ne laifi, to ka fara da jita. In ba haka ba, ka bar mawaƙi ya gwada abin da zamaninsa ya miƙo masa.