Ladan Zane a Waya: Halal Ne ga Ɗalibi, Amma da Sharuɗɗa

 

Wata mas'ala ce ta taso a tsangayunmu, tun daga cikin birnin Lautai har Gagarawa da Sule Tankarkar. Waɗansu gardawa, da waɗansu ɗalibai na Kwalejin Ilimi ta Gumel, sun kama sana'ar zane a cikin waya. Mutum ya aiko musu da bukatarsa ta WhatsApp, ko katin ɗaurin aure, ko sanarwar walimar sauka, ko tambarin kanti, ko takardar da za a liƙa wa buhun riɗi da zoɓo, su kuwa su tsara da Pixellab ko Canva, su aika masa, kuɗi su faɗa asusunsu. Malamai sun rabu biyu. Waɗansu sun ce fitina ce, a karɓe wayoyin. Waɗansu sun yi shiru, suna kallo. Ni dai abin da na gani shi ne, wannan nema halal ne, kuma ba baƙo ba ne a gidanmu, sai dai yana da sharuɗɗan da in an bar su, a rasa karatun, a rasa albarkar kuɗin.

Mu tuna, gardi bai taɓa zama jiran akushi ba. Tun kaka da kakanni da guminsa yake karatu: wani ɗinkin hula, wani jima, wani ƙwadago a gonar gero da damina. Mafi daraja a cikinsu kuwa shi ne mai cin abinci da alƙalami. Wa ya manta da allon zayyana? In yaro zai yi sauka, uba ya tafi wurin gardi mai hannu, a yi ciniki, a ba shi allo, ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara, ya kewaye su da zane ja da rawaya da kore, a biya shi. Haka alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin gamba da tawadar gabaruwa da ƙaro, ya shekara a kansa, attajiri ya saya ya sa a gafaka. Ba mu ji malamin da ya haramta wannan ba, gama a mazhabarmu ta Imamu Malik ijara a kan rubuta Mus'hafi ta halatta. Ko kalmar nan ta kafin alƙalami, wadda yau har magini da tela suke karɓa, ai sunanta ya nuna gidan da ta fito.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. Ibnul Bawwab na Bagadaza, wanda ya rasu wajen shekarar 413 ta Hijira, watau 1022, ɗan mai gadin ƙofa ne, kuma da ƙawata bangon gidaje ya fara neman abinci kafin ya zama shugaban marubuta na zamaninsa. Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa yana nan ajiye a birnin Dublin har yau. A nan kusa kuma, Sharu Bala Gabari na Kano ya rubuta da hannu, injin ɗab'i ya yaɗa, har rubutunsa ya shiga tsangayun da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Ashe kayan aiki ne ke sauyawa, daga gamba zuwa injin ɗab'i, daga inji zuwa gilashin waya. Hukunci kuwa yana bin aikin ne da niyyar mai yinsa.

Har ma ina cewa almajirinmu ya fi kowa cancantar wannan sana'a. Dubi takardun da ake liƙawa a bangaye lokacin Mauludi ko musabaƙa. Sau nawa ka ga haruffan Larabci sun rarrabe, ko sun juya daga hagu zuwa dama, domin wanda ya tsara bai san baƙi ba balle fassara? Mu da riwayar Warshu muke karatu, fa ɗinmu ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama. Wanda bai zauna gaban allo ba, ina zai gane an ɓata? Alhali ga shi har an ƙera haruffan kwamfuta masu suna Alkalami bisa salon rubutun Kano, waɗanda za a iya rubuta ajaminmu da su. Gardin da ya haɗa sanin rasmu da sanin waya, ya riƙe abin da wani ba shi da shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma ya fi yawon bara nesa ba kusa ba.

To, ga sharuɗɗan.

Na farko, lokaci. Iyaye ba su aiko yaro daga Garki ko Damagaram don ya zama mai zane ba, sun aiko shi ne ya haddace Littafin Allah. Hula in ka gaji ka ajiye ta, ba ta kiranka. Waya kuwa kira take, dare da rana, mai aiki yana cewa gobe ne biki. Da haka tilawar asuba ke mutuwa, hadda ta zube kamar ruwa a kwando. Ba a tauna taura biyu. Tsangaya tana da hutunta tun daga yammacin Laraba har Juma'a, kuma a cikinsa kasuwar Maigatari take ci, ranar Alhamis, sa'ad da fatake ke haɗuwa daga Nijeriya da Nijar. Gardi ya karɓi aiki a kwanakin nan, ya gama a cikinsu. Sauran kwanaki waya ta kwana a hannun malam. Kolo da titibiri kuwa babu ruwansu da wannan tukuna.

Na biyu, abin da ake zanawa. Malamanmu sun bambanta sura mai jiki mai inuwa ta abu mai rai, wadda ita ce haramtacciya in ta cika, da zanen da ke shimfiɗe a takarda, wanda suka sanya a babin karhanci ko barin abin da ya fi. Itatuwa da furanni da gine-gine da zayyana kuwa babu laifi. Filin halal yana da faɗi. Amma kada gardi ya zana tsiraici, ko ya haɗa hoton ƙarya don a ci mutuncin wani a lokacin siyasa, ko ya tsara takardar shaida ta jabu. Kuma ya ji tsoron Allah game da ayoyi. Takardar biki yau tana bango, gobe an ƙunshe ƙosai da ita. In mai aiki ya nace sai an sa aya a irin wannan, a ba shi haƙuri.

Na uku, bayyana ciniki. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san ijara ba ta inganta sai an san lada an san aiki. Saboda haka a faɗi kuɗi tun farko, a faɗi ranar gamawa, a faɗi sau nawa za a yi gyara, domin gyara marar iyaka jahilci ne a cikin ƙulli. In an ba da kafin alƙalami, a lissafa shi cikin kuɗin aiki. Kuma tun daga 2022 na'urori masu yin zane da kansu sun yawaita. Wanda ya sa na'ura ta yi masa, ko ya ɗauko zanen wani ya goge sunansa, sa'an nan ya ce aikin hannunsa ne, ya yi algus, daidai da mai zuba yashi a buhun riɗi.

Saura ku, alhazai da fatake. Ƙarar da ta fi yawa a bakin yaran nan a kanku take. Yaro ya kwana yana aiki, ya sayi data, ya biya kuɗin caji a shagon mai sola, ya aiko, sai a ce masa, "Ai latsa waya ne kawai, Allah ya yi albarka." Albarka muna so, amma ba ta ɗauke bashi. Kai da ba ka yarda a kora maka sa daga kara sai dillali ya ƙirga kuɗi, don me za ka karɓi aikin almajiri a kan addu'a? Kun dai san tsoratarwar da ta zo game da wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cif, ya hana shi ladansa. In kun biya su da kyau, kun raba su da roƙo, kun kuma taimaki karatu ba tare da kun gina ko zaure ɗaya ba.

'Yan'uwana malamai, karɓe waya ba zai hana ba, sai dai ya koya wa yaro ɓoyo. Gara mu zaunar da su, mu karantar da su babin ijara, mu duba abin da suke zanawa kamar yadda muke duba allunansu, mu yanka musu lokaci. Allah ya ba mu halal mai albarka, ya tsare mana karatun 'ya'yanmu, amin.

Haza wassalam.