Maƙogwaron Mai Shela a Bikin Rigata

Duk wanda ya san bikin Rigata da ake yi a bakin kogin Kwara a Yelwan Yawuri, ya san cewa rabin abin da ke gudana bisa ruwa ta kunne yake isa ga 'yan kallo. Idan kwale-kwalen tsere suka yi nisa, mutum guda ne, riƙe da makirfo, yake sanar da jama'a wanda ke gaba da wanda ya gaza. Wannan aiki gadon Sanƙira ne da maroƙan fada, sai dai lasifika ta shigo cikinsa. Abin takaici shi ne, a wuraren wasanninmu, tun daga dandalin dambe har filin ƙwallo, galibi wanda ya fi kowa iya ihu ake miƙa wa makirfo. A nawa ra'ayin, wannan kuskure ne, kuma ilmin halittar jiki ya nuna dalili.

Murya tana fitowa ne daga wasu siraran fatu guda biyu a cikin maƙogwaro, waɗanda masana harshe ke kira tantanin maƙwallato. Iskar huhu ce ke kaɗa su. A wajen namiji baligi sukan haɗu su rabu kimanin sau 100 zuwa 150 a cikin daƙiƙa ɗaya, a wajen mace kuwa kimanin sau 200. Mai karatu ya ƙiyasta sau nawa ke nan a wuni guda na shela. Idan aka yi ihu, karon nasu yana ƙara tsanani, gefensu ya kumbura. In aka dinga maimaitawa, sai wani ɗan ƙululu ya fito musu, tamkar kantar da fartanya ke bari a tafin hannun manomi. Daga nan murya ta dishe, wani lokaci har sai an kai ga likita. Busasshiyar iskar hunturu da ƙura da hayaƙin taba duk suna gaggauta wannan lalacewa, domin tantanin yana bukatar laima. Yawan kurɓar ruwa da hutun baki sun fi duk wani haɗin gargajiya da ake sha domin gyaran murya amfani. Dishewar da ta wuce mako uku kuwa, ta asibiti ce.

A Amurka an yi wani mai shela, Bob Sheppard, wanda ya riƙe makirfon filin wasan Yankee a birnin New York daga 1951 zuwa 2007. Malamin koyar da furuci ne a makaranta, kuma an san shi da magana a tsanake, kalma bayan kalma. Shekara 56 maƙogwaronsa yana aiki.

Tsanakin nan yana da wata fa'ida a bakin ruwa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa. Saboda haka wanda ke tsaye can nesa yana jin kalma daga lasifikar kusa da shi, sa'annan ya sake jin ta daga ta nesa bayan ɗan jinkiri. Idan mai shela yana zuba kamar ruwan sama, kalmomin sai su hau kan juna, a ji amo ba a fahimci zance ba. Ƙara ƙarfin lasifika ba ya maganin wannan, sai ma ya cutar da yaran da ke cunkushe a gindinta. Ƙarar da ta haura desibel 85, in aka daɗe a cikinta, tana kashe ƙananan ƙwayoyin ji masu gashi da ke can cikin kunne. Kifi da tsuntsu suna iya sabunta nasu, ɗan Adam ba ya iyawa.

Yanzu a duba inda ake taron. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, rayuwar mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga ta ƙara ɗauruwa da jirgin ruwa, kuma ba a manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, inda aka rasa mutane masu yawan gaske. A ranar biki, idan kwale-kwale ya kife ko jama'a suka fara turereniya a gaɓa, muryar mai shela ce kaɗai ke isa ga kowa a lokaci guda. In tun safe ihu yake yi yana kirarin manyan baƙi, da wace murya zai bambanta gargaɗi da wasa?

Don haka ina kira ga masu shirya Rigata da hukumar wasanni ta Jihar Kebbi da su ɗauki wannan matsayi a bakin aiki mai horo da lada. A sa mutum biyu suna karɓa-karɓa kowace sa'a. A ba su rubutattun kalmomin gargaɗi tun kafin taro, da Hausa da harshen Gungawa da na Kambari, kuma a gwada lasifika daga ƙarshen gaɓa kafin a saki kwale-kwalen farko.