Nasiha Ga 'Yan'uwa A Kan Rubuta Aure

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta aure, ya haramta alfasha. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wannan nasiha ce zuwa ga malamai da almajiransu na ƙasar Sarkin Maska da ƙasar Galadima, tun daga Funtuwa da Bakori da Ɗanja har Malumfashi da Ƙafur, da dukan wanda takardan nan ta isa hannunsa.

Ku sani, ya 'yan'uwa, idan kaka ta yi, aka sayar da auduga da masara, to lokacin aure ya zo a ƙasarmu. A taru a ƙofar gida ko a masallaci, wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, sanƙira ya yi shela, a raba goro, kowa ya kama gabansa. Aure ya ɗauru, babu shakka a cikinsa. Amma ba a rubuta ko harafi guda ba. Alhali kuwa manomin nan da ya aurar da ɗiyarsa ba ya yarda a auna audugarsa ba a rubuta nauyinta ba, kuma ba ya sayen gona sai an yi takarda gaban mai unguwa. Abin mamaki, ko saki ma mu kan rubuta shi a miƙa wa mace. Watau muna rubuta kwancewa, ba mu rubuta ɗaurewa. Wannan shi ne abin da ni ke so mu duba.

Da farko in kawar da wani ruɗani. Takarda ba ita ce aure ba. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san aure yana tsayawa ne a kan waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, kuma mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. A mazhabarmu ta Maliku an so a kafa shaidu tun wurin ɗauri, in ba a kafa ba, to wajibi ne a kafa su kafin tarewa. Auren da ya cika waɗannan ya inganta, ko da babu alƙalami a garin. Wanda bai cika su ba kuwa, hatimi goma ba su gyara shi. Saboda haka kada wani ɗan boko ya ce wa iyayensa aurensu bai yi ba don ba su da takardar ofis. Wannan jahilci ne.

To, in haka ne, mene ne amfanin rubutu? Amfaninsa shi ne shaidu mutane ne, suna mutuwa, suna mantuwa, suna ƙaura. A da mutum ya kan haifu a gari, ya yi aure a nan, a binne shi a nan, kuma duk dattijon unguwa ya san matar wane ce wance. Don haka malamanmu suka karɓi shaidar ji a kan aure, watau labarin da ya watsu cikin jama'a. Yanzu kuwa dubi yadda zamani ya juya. Samari sun tafi ci-rani Legas da Fatakwal da Abuja. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a yankin Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, mutanen gari guda suka watsu, wasu Funtuwa, wasu Zariya, wasu kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Mace ta zo gaban alƙali, miji ya rasu, danginsa sun ce ya sake ta tun bara, ko sun ce ba su san da aurenta ba don a wurin ci-rani aka ɗaura. Alƙali ya ce ta kawo shaidu. Ina za ta same su? Ga tumuninta na gado, ɗaya cikin takwas, yana shirin salwanta, ga 'ya'yanta ana yi musu kallon shakka.

Haka kuma sha'anin sadaki. Ana cewa lakadan ba ajalan ba, amma sau da yawa a kan ambaci saniya ko wani yanki na gona a ce sai bayan kaka. Shekaru su wuce, wannan ya ce an biya, wancan ya ce ba a biya ba. In aka zo hul'i, a rasa ko nawa za a mayar. Haka ranar ɗauri: kun sani ɗan da aka haifa bayan wata shida daga aure na mijin ne, saboda haka kwana kaɗan yana iya raba yaro da nasabarsa in an yi gardamar rana. Layi biyu na tawada sun isa su kashe duk wannan wuta.

In wani ya ce rubuta aure bidi'a ce, al'adar Nasara ce, sai in ce masa: ya ɗan'uwa, koma ka buɗe ƙarshen suratul Baƙara. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, da kafa shaidu, da hana marubuci ƙin rubutawa. Sadakin da aka jinkirta kuwa bashi ne a wuyan miji. Sa'an nan ka tuna abin da ya faru bayan yaƙin Yamama, sa'ad da mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Umaru ya ba Sayyidina Abubakar shawara a tara Alƙur'ani wuri guda a rubuce, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu aikin. Sun ji tsoron abin da ke cikin ƙiraza ya tafi da tafiyar masu su. Dalilinmu ke nan, ko da ya ke al'amarinmu ƙarami ne a kan nasu.

Kuma malaman Malikiyya sun daɗe da sanin wannan. A Andalus da Magrib akwai fanni sukutum da a ke kira ilmin wasiƙu, watau yadda a ke rubuta takardun aure da ciniki da wasiyya. Shehu Ahmadu Alwansharisi, wanda ya rasu a Fas shekara ta 914 ta Hijira, ya wallafa littafi a kansa. Har yau a Maroko adilai biyu ne ke rubuta ɗaurin aure. A Masar kuwa tun shekara ta 1931 aka yi doka cewa kotu ba ta sauraron da'awar auren da aka yi musunsa sai da takardar hukuma. Ashe ba Turawa suka koya wa Musulmi alƙalami ba.

Amma ga inda ni ke so ku buɗe kunne ƙwarai, gama takardun aure iri biyu ne a Nijeriya, kuma da yawa ba su rarrabe su ba. Ni ban shiga makarantar boko ba, sai dai na sa an karanta mini dokar an fassara mini ita daki-daki, don kada in yi magana da ka.

Iri na farko takardar shaida ce ga auren da aka riga aka ɗaura bisa shari'a. Ita ba ta ƙara kome ga hukuncin aure, ba ta rage kome. Ana samunta a kotunan shari'a da wasu masallatai, kuma tsarin mulki na 1999 ya sa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Wannan ita mu ke kira a nema.

Iri na biyu shi ne wanda mutane ke ce wa auren kotu ko auren rajista. Wannan ba shaida ba ce, wani aure ne dabam mai nasa hukunci, a ƙarƙashin dokar aure da Turawa suka shimfiɗa wa Nijeriya duka a shekara ta 1914, kuma tana aiki har yanzu. Mutum ya ba magatakarda sanarwa, a manna ta kwana 21, sa'an nan a ɗaura cikin wata uku, a ofis, ƙofa a buɗe, gaban shaidu biyu. Ba a tambayar sadaki. Wanda ya yi shi ba shi da ikon ƙara mace muddin auren nan yana nan, kuma mai mata ba shi da ikon yinsa da wata. Wanda ya saɓa, dokar ta yanka masa ɗaurin shekara biyar. Kuma ba ya warwaruwa da furucin miji ko hukuncin alƙalin shari'a, sai babbar kotu, bisa dokar 1970. Maƙwabtanmu Kirista na ƙasar Malumfashi da Ƙafur da suka zaɓe shi sun san abin da suka shiga, kuma ya dace da addininsu. Amma Musulmin da ya je ofis don neman takardar biza ko ta wurin aiki, aka miƙo masa wannan ya sa hannu bai tambaya ba, ya ɗaura wa kansa igiya biyu, kowace tana jansa nata gefe. Ran da ya saki matar da baki, a shari'a ta fita, a littafin gwamnati tana nan. Don haka kafin ka dangwala yatsa, ka tambayi akawu a fili: wannan shaidar auren Musulunci ce, ko kuwa auren doka ne?

Abin da ni ke roƙon limamai da malamai shi ne kowane masallacin da a ke ɗaura aure ya ajiye littafi mai bango. A rubuta sunan ango da na ubansa, da sunan amarya da na ubanta, da sunan waliyyi da dangantakarsa da ita, da sunayen shaidu da garuruwansu. A rubuta sadaki, abin da aka biya da abin da ya saura da ajalinsa. A rubuta cewa an nemi yardarta, in kuwa bazawara ce a rubuta cewa iddarta ta cika. A sa rana da wata da shekara, ta Hijira da ta Miladiyya. Da ajami ko da boko, duk ɗaya ne, in dai ana iya karantawa. A yi kofi biyu, ɗaya ga miji, ɗaya a hannun matar ita kanta, gama ita ce ta fi bukatarsa ranar tsanani. Sa'an nan a kai kotun shari'a a sa hatimi, don wanda ke neman haƙƙin mamaci a ofis ko izinin tafiya wata ƙasa da iyali, takarda mai hatimi a kan tambaye shi.

Ku kuma almajirai, wannan aikinku ne. Hannun da ya iya rubuta allo ya iya rubuta wannan. Ku koyi tsarinsa kamar yadda ku ke koyon rabon gado, ku taimaki malamanku. Amma ku kiyayi rubuta ranar ƙarya, ko sunan shaidan da bai halarta ba, don a rufe wani abu. Wannan shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai, kuma wadda aka rubuta ta fi ta baki daɗewa tana cutarwa. Ga ma'aikatan ofis kuwa, ku ji tsoron Allah, ku karɓi abin da aka ƙayyade ku ba da rasit, kada ku mai da talaka mai sintiri har ya gaji ya bari.

Waɗanda suka daɗe da aure ma ƙofa ba ta rufe ba. Muddin waliyyi ko shaidu suna da rai, a neme su yau a rubuta, tun ba a wayi gari an rasa su ba.

Allah shi sa albarka a aurarrakinmu, shi kiyaye haƙƙin raunana, shi mayar da waɗanda aka kora daga gidajensu lafiya. Haza wasalam.