Ra'ayinmu: A daina kiran tsutsar tumatir Ebola

A shekarar 2016, manoman rani na Kura, Bunkure da Kadawa, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga, sun wayi gari ganyen tumatirinsu ya bushe kamar an bi shi da wuta. Su sharon suke ce wa abin. Amma sunan da ya karaɗe wayoyi da jaridu shi ne "Ebolar tumatir", kuma har yau da zarar ɓarnar ta dawo, da shi ake yayata ta a Facebook da WhatsApp.

Sunan ya yi rana, wannan ba ma musu. A lokacin, shekara biyu ke nan da Ebola ta shigo Legas a 2014, tsoronta bai bar zukata ba, don haka kowa ya saurara. Gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir, kwando ya yi tsadar da ta kai labarin har ƙasashen waje, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa kuwa ta tsaya don rashin abin sarrafawa. Da kukan manomi kaɗai aka bari, da wuya ya isa Abuja da wannan sauri.

To amma sunan ƙarya yake ɗauke da ita. Ebola ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana bin jini da ruwan jikin mutum. Abin da ke cin tumatir kuwa ƙwaro ne, Tuta absoluta, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda ya ɓulla a Spain a 2006 kafin ya iso Afirka. Da dare yake tashi ya zuba ƙwai, tsutsarsa ta shige cikin ganye tana ci daga ciki, shi ya sa feshi ba ya cika isa gare ta, ga ta da saurin sabawa da magani. Manomin da aka ce masa cuta ce zai kwashi kuɗinsa ya sayi maganin cuta, ko ya ninka feshi har ya cutar da kansa da mai saye. Uwargida a birni kuma ta ji Ebola ta ƙaurace wa kasuwa, asarar ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba a kasuwar Kwanar Gafan. Ba mu manta yadda saƙon wanka da ruwan gishiri don kariya daga Ebola ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya a 2014 ba, har aka rasa rayuka.

Matsayinmu shi ne kafafen labarai su ajiye wannan suna, su ce tsutsar tumatir ko sharon. Hukumar aikin gona ta KNARDA da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su tura malaman gona cikin zaurukan WhatsApp na manoma da saƙon murya da Hausa, tun kafin a dasa, su nuna yadda ake gane ƙwan, da kafa tarko, da sauya magani, da ƙone ragowar shuka bayan girbi.